Baba Jarka da Injin da ke Ƙamshin Kifi

Wajen ƙarfe shida na safe ne, an kwana ana yayyafi, gari ya yi luf, ko kaji ba su gama shawarar fitowa ba. A irin wannan lokaci ba zakara ke fara tada unguwarmu ba, kukan tayar baro ne. Ƙiii, ƙiii, tun daga ƙarshen layi. Duk wanda ya ji ya san Baba Jarka ya fito. Tayar nan ta yi shekaru tana kuka, ga shi mai tura ta ba abin da yake ɗauka sai mai, amma ko ɗigo bai taɓa ɗiga mata ba. In an yi masa magana sai ya ce, "In na sa mata mai, wa zai tashe ku?"

Da jarkoki cike da baro yake zagaya masu suya. Ya tsaya wurin Inna Mai Kifi, ya leƙa wurin mai dankali, ya gangara bakin tasha wurin masu soya kaza, ya ƙare da mai shayi. Abin da yake karɓa shi ne man da kasko ya gaji da shi, wanda ya yi baƙi ƙirin har mai shi ke kunyar a gan shi. Kowace jarka sai ya buɗe, ya sa hanci, ya lumshe ido kamar mai sayen turare. Daga nan ya turo baronsa zuwa ɗakin inji, wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya a gindin tankin ruwa. Da wannan baƙin man ake tada injin da ke jawo ruwa daga rijiyar burtsatse, ruwan da unguwa gaba ɗaya ke sha, take wanka, take wanki.

Ni aski na iya, shagona kuma yana kallon ƙofar ɗakin injin nan. Watan jiya Baba ya ajiye aiki saboda ciwon baya. Na jira in ga ko wani zai faɗi wani abu a kansa, na ga kowa ya ɗebi ruwansa ya wuce. Shi ya sa na ce bari in faɗa, yadda na gani da yadda manya suka ba ni.

Baba asalinsa makanikin injin niƙa ne. Lokacin da aka haƙa mana rijiyar aka kawo inji, an yi murna, aka sha ruwa na ɗan lokaci. Sai dizal ya fara hawa. Aka yi karo-karo, aka sake yi, har ya zama in an hango mai karɓar kuɗin ruwa sai a ce maigidan ya fita, alhali ga takalminsa a ƙofa. Inji ya yi shiru, gizo-gizo ya tare a ɗakin. Mata suka koma tafiya can bayan kasuwa da bokiti, masu hali kuma suka koma sayen ruwan 'yan garuwa.

Wata safiya Baba ya tarar da Inna Mai Kifi tana tuttular da tsohon mai a kwata. Ya tsaya yana kallo har ta tsargu.

"Baban Auta, lafiya? Ko kwatar ma taka ce?"

"Uwar Kasko, ba ni wannan man."

"Ka kai wa matarka Gwaggo ta yi maka miya? Ashe abin ya kai haka?"

"Ba ni zan sha ba. Yaya zan kai wa."

Yaya shi ne injin. Baba ya rantse injin nan ya girme shi, don haka ba ya kiransa da suna. In ya shiga ɗakin sai ya ce, "Yaya, an tashi lafiya?" In injin ya yi tari sai ya yi masa sannu.

Ya ɗau makonni yana fama. Ya zuba man a baƙin duro ya bar shi a rana har dattin ya kwanta. Ya tace da rariya, bai yi ba. Ya tace da ɗankwalin Gwaggo, matarsa, bai yi ba, ya kuma sha faɗa. A ƙarshe ya gano ba abin da ke tace mai kamar ƙafar tsohon wandon jins in an ƙulle bakinta an rataye. Ya naɗa bututun man a jikin salansa don ya yi ɗumi ya tsinke kafin ya shiga. Ya ƙara wa injin tanki na biyu, ya sa bawul a tsakani, wani ɗan kan famfo mai jan hannu: in ka juya shi hagu dizal ke zuwa, in ka juya dama tsohon mai ke zuwa. Da dizal kaɗan ake tada shi, in ya yi zafi a juya masa man suya ya yi ta sha.

Ranar gwaji, waɗanda suka zo kallo sun fi waɗanda suka zo ɗiban ruwa. Baba ya tada inji, ya jira, ya ce bismilla, ya juya bawul. Yaya ya yi tari, ya yi kamar zai shiɗe, ya girgiza ɗakin, sai kuma ya miƙe tiryan-tiryan. Ruwa ya hau tanki. Amma kafin ruwa ya iso famfo, wani abu ya riga shi zagaya unguwa: ƙamshin soyayyen kifi. Yara suka fito da kwanuka. Tela ya ajiye almakashi ya nufi gida, ya tsare matarsa wai ta soya kifi ta ɓoye masa. Ta ce ya duba, ya duba har ƙarƙashin gado. Sai da maƙwabta suka kamo hannunsa suka kai shi bakin salansa ya shaƙa, sannan ya koma ba da haƙuri. Har yau in sun yi saɓani cewa take, "Je ka duba ƙarƙashin gado."

Tun ranar wata mage ta tare a bakin salansar nan. Ba ta kowa ba ce. Da an juya bawul za ta zo ta kwanta, ta rufe ido, tana shaƙa. Muka sa mata suna Sufeto.

Ba zan ce Baba bai taɓa kuskure ba, don shi da kansa yake ba da labarin yana dariya. Sanyin farko da ya zo bayan an fara, ya kashe inji da yamma da man suya a cikinsa. Da safe man ya yi barci a bututu, ya daskare kamar man shanu. Baba ya ja, ya murɗa, ya roƙi Yaya, Yaya ya yi gum. Sai da mata suka dafa ɗan ragowar ruwan da ke gidajensu suka fito da butoci, aka yi layi ana kwarara wa inji ruwan zafi kamar mai jego. Ranar babu wanda ya yi wanka a unguwar sai Yaya. Daga nan Baba ya kafa doka: kafin a kashe inji sai an mayar da bawul hagu, a bar shi ya sha dizal har ƙamshin kifi ya ɗauke daga hayaƙin. Wannan shi yake kira kurkurar baki. "Babu mai kwanciya da maiƙo a baki," in ji shi, "balle dattijo."

Baba, kai ne ka tsinci abin da muke zubarwa a kwata ka mayar mana da shi ruwan sha. Kai ne ke fita cikin yayyafi da rigar leda mai hannu ɗaya. Kai ne rigunanka duk suka koma launi guda, har Gwaggo ta daina tambayar wacce za ka sa. Karnukan gari sun bi ka, ƙudaje sun yi maka rakiya, yara sun yi maka waƙa, ba ka taɓa juyowa ba sai dai ka tambaye su ko sun ci abinci. Na Gwaggo, ƙanin Yaya, mai shayar da wanda bai gaishe shi ba.

Akwai wata magana da aka yi a shagona wadda sai daga baya na gane nauyinta. Baba yana kan kujera ina yi masa aski, sai Direba, mai motar haya da ke layinmu, ya shigo da labarin da ya ji a rediyo. Wai a wasu ƙasashe masara da rake ake matsewa a fitar da wani mai, a gauraya da fetur, mota ta sha ta yi gudu.

"Baba, kai ma ka fara mana," in ji Direba. "Kwano biyu na masara, in kai tasha in dawo."

Tela yana kan benci yana jiran layi, ya ce, "Motarka ko kaza aka soya mata sai an tura ta."

"Kai da ka nemi kifi a ƙarƙashin gado, yi mana shiru."

Baba ya bari suka gama, ya ce in ɗaga reza. "Ɗana, in mota ta shiga layin awo ita da kai, wa kake jin mai awo zai fara kallo?"

"Ni mana. Mota tana magana ne?"

"Ba ta magana, amma ba ta ƙoshi, kuma mai ita ya fi ka aljihu. Ni ban ce kar a yi ba. Ga ɓawo, ga kara, ga tuƙar rake, ga abin da ya lalace a rumbu, a ba inji ya sha lafiya. Amma ni a ɗakina, abin da ciki bai gama da shi ba, inji ba ya sha."

Direba ya ce wannan ra'ayin tsofaffi ne. Baba ya ce eh, shi da Yaya duk tsofaffi ne. Aka yi dariya aka watse.

To, bara waccan dizal ya sake yin wani tsalle, sai ga wata farar mota ta fara shigowa unguwa. Wani mutum ne mai tsabta, yaron wani kamfani da ke sayen tsohon mai. Ashe abin da Baba ya gano a ɗan ɗakinsa, manya ma sun gano. Man da aka saba ba Baba kyauta, ya zama ana biyan kuɗi a kansa, kuɗi kuma ba na wasa ba.

Mai dankali ya fara sayarwa a ɓoye. Masu kaza suka bi. Mai shayi in ya ji kukan baro sai ya shige bayan teburi yana neman abin da bai ɓata ba. Inna Mai Kifi ce kaɗai ta tako har ɗakin inji, ta tsaya a ƙofa tana murza gefen zane, ita da bakinta bai taɓa mutuwa ba.

"Baban Auta, zuwa na yi in faɗa maka da bakina."

"Na sani, Uwar Kasko. Sayar."

"Ka bari in gama mana! Marayu uku ne a gabana, ga..."

"Na ce ki sayar. Mai naki ne, ke kika sha hayaƙinsa. Da ni ne ma sayarwa zan yi."

"To ka yi faɗa mana, ko na ji sanyi!"

"Bayana ke ciwo, ba zan iya ba. Je ki, kifinki zai ƙone."

Ta tafi tana zaginsa ƙasa-ƙasa, tana share ido da bakin mayafi.

Baro ya koma dawowa da jarka ɗaya, wata rana rabi. Yaya da ke aiki safe da yamma ya koma na safe kaɗai, daga baya na safen ma ya gajarce. Layin bokitai ya kai har ƙofar shagona ya lanƙwasa. Aka fara faɗa a famfo, matan da suka shekara suna gaisawa suka koma harara. 'Yan garuwa suka dawo da fara'arsu. Kowa ya san inda aka dosa: in abin ya ci gaba, gizo-gizo zai koma ɗakinsa, mata su koma bayan kasuwa.

Ana cikin haka sai abin mamaki ya faru. Baba ya zo da safe ya tarar da kwalabe jere a ƙofar ɗakin inji, cike da mai baƙi. Washegari suka ƙaru. Babu wanda ya ga mai ajiyewa. Baba ya yi hamdala, ya ɗauka masu suya ne tausayi ya kama. Lokacin mura ta toshe masa hanci, don haka bai shinshina ba, ya juye a duro. Wani abin daɗi, man nan ko wahalar tacewa ba ya yi, zuruf yake wuce wando. Yaya ya koma aiki safe da yamma, har wani sabon sauti ya yi kamar an rage masa shekaru.

Sai dai wasu abubuwa sun fara faruwa a gefe. Magidanta suka fara ƙorafi a shagona cewa man girki ba ya albarka a bana. Direba ya ce kwalbar da ke yi musu mako yanzu kwana uku take yi, kuma abincin a bushe. Tela ya ce nasa gidan ma haka, amma shi ba zai yi bincike ba, ya tuba. Mai kanti da ya ga mai na tafiya kamar ana rabawa, sai ya ƙara masa kuɗi, bayan kwana kaɗan ya sake ƙarawa, yana cewa daga sama ne. Har mutanen da ba su san hawa ba, 'yan layin baya da ke da rijiyarsu, suka shiga sayen mai da tsada.

Sufeto ce ta tona asiri. Aka juya bawul ta zo kamar kullum, ta shaƙa, ta yi atishawa, ta kalli Baba kallon raini, ta ɗaga wutsiya ta tafi. Rana ta biyu ko zuwa ba ta yi ba. Baba ya tsaya yana kallon gurbinta. Ya fita ya sayo man shafawa mai ƙarfi ya cusa a hanci, ya tsuguna a bakin salansa. Babu kifi, babu kaza. Albasa ce kawai, ƙonanniya. Ya ɗauki kwalba ɗaya daga na ranar, ya ɗiga a yatsa, ya lasa. Sabon mai ne garau, an ƙona albasa a ciki don ya yi duhu. Ya ɗaga kwalbar sama, sai ya ga murfinta. Wani murfi ne da ya fashe, shi da hannunsa ya ɗaure shi da waya a kicin ɗin gidansa.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe, tana gidan ranar, ita ta ba mu yadda aka yi. Baba ya shiga ya dire kwalbar a gaban Gwaggo.

"Wannan fa?"

Gwaggo ko gezau. "Kwalba ce."

"Na ga kwalba ce. Ke kika shirya wannan?"

"Ni da matan layi duka. Sai me?"

"Sabon mai! Kin san kwalbar nan ta fi kwalbar dizal tsada? Da kuɗin kuka haɗa kuka ba ni ai da ya fi."

"Malam, kuɗi sai an roƙa, an sha tambaya. Mai kuwa yana kicin, kuma kicin namu ne. Kai ka taɓa ɗauko bokiti daga bayan kasuwa?"

Baba kuwa bai taɓa ba.

"Kuma tsawon kwanakin nan kana cin abinci babu maiƙo," in ji ta, "ko ɗaga kai ba ka yi ba. Da Yaya ne ya yi tari sau ɗaya da ka kwana kansa."

Sai Baba ya zauna a kan turmi, in ji Auta. Ya ce, a hankali, "Na ji, kuma kun fi ni gaskiya a kan bokiti. Amma jikokina ba za su ci gaya don Yaya ya sha miya ba. Ku ba ni kwana kaɗan."

Ranar baro ya yi tafiyar da bai taɓa yi ba: ya fita cike, ya dawo wayam. Gida-gida Baba ya bi yana mayar da kwalabe, kowace mace kuma ta karɓi tata tana kallon ƙasa. Sati guda unguwa na cin abinci mai warin ƙonanniyar albasa, babu namijin da ya isa ya yi magana. Mai kanti ya wayi gari da katan-katan na mai babu mai tambaya, sai ga farashin da ya ce daga sama ne ya sauko da ƙafarsa.

Ruwa kuwa ya sake ja baya. Baba ya koma zama a bakin titi kusa da Inna Mai Kifi, wai yana hutar da baya. Ashe farar mota yake kallo. Ya lura mutumin ba ya juye jarka duka. Sai ya karkata ta a hankali ya tsiyaye na sama, da ya ga guggubi ya taso sai ya tsaya, ya ce kamfani ba ya son datti. Abin da ya rage a ƙasa, mai kauri kamar laka, cike da ƙaya da diddigar suya, a nan yake barinsa.

Da motar ta tafi Inna ta ɗauki jarkar ta nufi kwata.

"Uwar Kasko."

Ta tsaya. Ta kalli jarka, ta kalle shi. "Kai dai Allah ya haɗa ka da kwatar nan. Wannan ai ko Yaya ba zai sha ba."

"Akwai mai a ciki. Fitowa ce ba ya so."

Akwai kuwa, sai dai wahala. Guggubi yana son rana mai yawa da tacewa hawa-hawa, kuma wando ɗaya ba ya kwana biyu sai ya toshe. Ga shi sai an tara na mutum da yawa kafin a sami abin kirki, don haka baro ya fara ƙetara titi zuwa unguwannin da ba su san kukansa ba. A nan bayan Baba ya ƙarasa lalacewa. Da wandunansa suka ƙare, sai ya yi kuskuren faɗa wa Gwaggo cewa yana neman tsofaffin wanduna.

Matan da aka hana ba da mai suka samu abin bayarwa. Cikin kwana biyu igiyoyin shanya suka yi fayau. Mutum ya shiga wanka ya fito ya tarar da ƙusa babu komai. Wata safiya Direba ya faɗo ɗakin inji ɗaure da tawul, ya tarar da wandonsa na zuwa unguwa a rataye, ƙafafu a ƙulle, ciki ya kumbura, yana ɗigar da mai tsaf-tsaf.

"Baba! Sau biyu na sa shi! Sau biyu!"

Baba ya duba wandon, ya duba man da ke ɗiga. "Kai, amma yadin nan yana da kyau. Ka ga yadda yake tacewa?"

"Baba!"

"Yi haƙuri, ɗana. Laifina ne, ban yi bayani ba."

Ranar ya ƙara doka ta uku, bayan ta kurkurar baki da ta abin da ciki bai gama da shi ba: wandon da ƙugu bai gama da shi ba, inji ba ya so. Aka naɗa Tela alƙali. Duk wandon da aka kawo sai ya ɗaga shi a rana, in ya ce zai faci, a mayar wa mai shi. Direba dai har yau yana cewa unguwar nan da wandonsa take shan ruwa, kuma ba mu musa masa.

A hankali duro ya cika. Wata safiya aka juya bawul, ƙamshi ya tashi, kifi da kaza da dankali a haɗe, ya fi na da ƙarfi. Sai ga Sufeto daga kan katanga. Ta shaƙa, ta zagaya, ta kwanta. Matan da ke layi suka sa guɗa saboda mage. Inna Mai Kifi tana sayar da na samanta tana ciyar da marayunta, Yaya yana shan na ƙasa, miya ta koma da maiƙonta. Tun daga lokacin famfon nan bai yini a bushe ba.

Baba, mun gode. Kai ne aka janye maka abin aiki ba ka ƙullaci kowa ba. Kai ne aka kawo maka mafita mai sauƙi ka mayar da ita gida-gida, don ka san daga bakin wa aka ciro ta. Allah ya ba ka lafiyar baya, ya sa ka ci abinci mai maiƙo har ƙarshen rayuwa, kuma ka riƙa ɗaga kai kana yaba wa Gwaggo. Mu kuma da muka rage, ba sai kowa ya tada inji ba. Kowace sana'a tana da kwatarta. Kafin ka tuttular, tsaya ka duba ko akwai wanda zai amfana. In kuma ka ga irin Baba a unguwarku, mai riga launi guda, gaishe shi tun yana jin gaisuwa.

Auta ce ta karɓi makullin. Ta girma a ɗakin nan, ta san tarin Yaya fiye da na 'ya'yanta, mijinta kuma ke tura baron. Ranar miƙa makulli aka ce Baba ya yi jawabi, ya miƙe da ƙyar ya ce, "Kurkurar baki," ya zauna.

Shekaranjiya da yamma, rana ta yi ja, sanyi ya fara saukowa irin mai sa mai barci. Ina share gashi a ƙofar shago. Auta tana bakin ɗakin inji, goyo yana tsala kuka a bayanta, waya a kunne, tana faɗa da wani a kan jarkoki. Tanki ya cika, na ga tana ta waiwayen inji, alamar kashewa za ta yi ta tafi. Hayaƙi kuwa kifi yake zubawa. Sai ga Baba da sandarsa ta bayan ɗakin. Ya tsaya, ya ɗaga hanci. Ya zura hannu ta taga ya tura bawul hagu. Sannan ya zagayo ta gaba yana ɗingishi fiye da yadda ya saba.

"Auta, tsaya in faɗa miki mafarkin da na yi."

"Baba, don Allah sauri nake."

"Gajere ne. Wai ga ni a kasuwa, ni da Sufeto, tana taya wando..."

Ya ja mafarkin nan, ya kai shi tasha, ya dawo da shi, ya sako ciwon baya, ya tambayi haƙoran jariri. Auta tana ta buga ƙafa. Shi kuwa hancinsa yana sama. Da ƙamshin kifi ya ɗauke, Sufeto ta miƙe ta yi miƙa, sai ya katse a tsakiyar magana.

"Sauran na manta. Sai da safe."

"Kai Baba, ka tsare ni a banza!" Ta shiga, ta kai hannu kan bawul, ta tarar da shi a hagu. Ta gyaɗa kai, ta kashe inji ta kulle.

Jiya da safe sanyi har cikin ƙashi. Bugu ɗaya Yaya ya tashi. Mata a layi suna ta cewa yarinyar nan ta fi ubanta kula. Baba yana zaune a bencina da ɗan bokitinsa tsakanin ƙafafu, yana jiran layi ya zo kansa. Ya ce, "Ai kuwa ta fi shi." Sannan ya matsa wa wata mai tsohon ciki ta shiga gabansa.